Sojojin Saman da Hanya Ta Ci: Jigilar Jiragen Yaƙi ta Kano, 1940 zuwa 1943

Daga watan Satumba na 1940 zuwa ƙarshen 1943, jiragen yaƙi fiye da 5,000 aka tura Masar ta sararin samaniyar Arewacin Nijeriya. Cikin manyan akwatunan katako ake kawo yawancinsu daga Ingila da Amurka, a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Takoradi da ke Gwalkwas, wato Gana ta yau, makanikai su harhaɗa su, sannan a tuƙa su zango-zango: Ikko (Legas), Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Junaina, Fashir, Hartum, har yankin mashigin Suwez. Tsawon tafiyar ya kusa kilomita 6,000. Babu jirgin abokan gaba da ke tare hanyar, babu igwar da ke harbi daga ƙasa, amma ta ci mutane. Hazo ya ci wasu, hadarin damina ya ci wasu, wasu inji ne ya mutu musu a sama, wasu kuwa ɓata suka yi har mai ya ƙare.

Larura ce ta haifi hanyar. Ranar 10 ga Yuni 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ɓangaren Jamus, kafin watan ya ƙare kuma Faransa ta miƙa wuya. Tekun Bahar Rum, inda Ingila ke bi ta kai wa rundunarta ta Masar kayan faɗa, ya zama ba ya biyuwa sai da asara mai yawa. Jirgin ruwan da ya zagaya ta ƙurewar Afirka ta Kudu kuwa sai ya shafe makonni da dama kafin ya kai Suwez, ga sojojin Italiya jibge a Libiya, bakin iyakar Masar. Abin da ya rage shi ne a yanke nahiyar ta tsakiyarta.

Ba sabuwar turba aka sara ba. A ƙarshen Oktoba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojojin saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, daga baya ya zarce Ikko, aka share ƙananan filayen sauka a zangunan. Bahaushe kuwa ya san wannan layi tun kafin a ƙera jirgi, don shi ne hanyar alhazai ta ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, inda mai niyyar Makka kan yi watanni, wani ma shekaru, yana tafe yana ƙwadago. Jirgi kan gama ta cikin kwana biyar ko shida. Shi Coningham daga baya shi ya shugabanci rundunar sama ta hamadar Masar da Libiya, wadda ake kai wa waɗannan jirage. A watan Janairu na 1948 kuma, bayan ya yi ritaya, jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace a teku kusa da Bamuda, ba a ga ko ɓurɓushinsa ba.

Tawagar farko ta sojojin sama ta isa Takoradi a watan Yuli na 1940 ƙarƙashin Gurup Kyaftin H. K. Thorold, ayarin farko kuma ya tashi a watan Satumba: jirgin Blenheim ɗaya da 'yan jiragen Hurricane. Da siyasar ƙasashen Faransa ba ta juya ba a daidai wannan lokaci, da ayarin bai sami wurin wucewa tsakanin Barno da Darfur ba. Ranar 26 ga Agusta 1940 gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya ba da goyon baya ga Janar de Gaulle, aka sami damar sauka a Fort Lamy, wadda ake kira Injamena a yau. Nijar ba ta bi sahu ba. Ta ci gaba da zama a hannun gwamnatin Vichy, mai ɗasawa da Jamus, har watan Nuwamba na 1942.

Wannan ya mai da ƙasar da ke arewa da Kano wani siririn shinge. Matuƙin da ya taso daga Ikko arewa maso gabas yake dosa. Idan ya wuce birnin bai gan shi ba, abin da ke gabansa shi ne ƙasar Ɗambatta da Babura. In kuma iska ta karkatar da shi hagu, sai duwatsun Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda a lokacin duk cikin Lardin Kano suke. Daga nan sai iyaka. Tsakanin filin jirgin Kano da Babura kilomita ɗari ne ko ƙasa kaɗan, tafiyar kimanin minti 20 ga jirgin wancan zamani, kuma wanda ya tsallaka ya sauka a ƙasar Damagaram ya faɗa hannun hukumar da ke iya tsare shi, shi da jirginsa.

Tsarin ayarin shi ne tushen ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa. Hurricane jirgin mutum ɗaya ne, an ƙera shi don ya tashi ya yi faɗa ya dawo gida cikin ɗan lokaci, sai da aka ɗaura masa ƙarin tankunan mai kafin ya iya doguwar tafiya. Matuƙinsa ba shi da mai duba masa taswira. Blenheim kuwa inji biyu gare shi da mutum uku: matuƙi, mai duba hanya, da mai rediyo. Shi ne madugu, sauran suna biye da shi da ido. Muddin suna hangensa suna kan hanya. Da zarar gajimare ko ƙura ta raba su, kowane matuƙi ya zama shi kaɗai da kamfas ɗinsa da ɗan man da ya rage masa, a saman ƙasar da sau da yawa bai taɓa gani ba. Ranar farko akan bi gaɓar teku zuwa Ikko, kimanin kilomita 600. Rana ta biyu a yi kimanin 840 zuwa Kano, ta saman kurmi da kogin Kwara da tsaunuka, da filayen ko-ta-kwana a Oshogbo da Minna da Kaduna. Zango na uku ya fi kowanne wuya: kilomita 520 zuwa Maiduguri, a sha mai, sannan fiye da 1,000 zuwa Junaina, a ƙasar da alamominta ba su da yawa, taswirarta kuma ba ta cika ba.

Mutumin Kazaure ko Babura ba ya buƙatar a bayyana masa hazo, sai dai abin da hazo ke yi wa mai tafiya a ƙasa daban yake da abin da yake yi wa na sama. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso lallausar ƙura daga kwarin Bodele, arewa maso gabas da tafkin Chadi, ta rataye ta a sama har tsawon dubban ƙafa. Matuƙi yana iya ganin ɗan abin da ke ƙarƙashinsa kai tsaye, amma gaba gare shi fari fat. Layin da ya raba sama da ƙasa, wanda da shi yake sanin ko jirginsa a miƙe yake ko a karkace, ya ɓace. Titin jirgin ƙasa da ganuwar birni da rafukan da yake kwatance da su ba sa bayyana sai ya zo daf da su, a lokacin kuwa ya riga ya yi ƙasa ƙwarai. Ƙurar ba ta tsaya a ido kaɗai ba. Tana shiga inji tana cin ƙarfe, shi ya sa jirage da yawa suka isa Masar suna buƙatar babban gyara tun ba su ga fagen fama ba.

Damina ta fi gaggawar kisa. A wannan yanki hadari daga gabas yake tasowa ya yi yamma, a jere kamar bango, ayarin kuwa gabas ya nufa, saboda haka gaba da gaba suke haɗuwa. Giragizan sukan yi tsayin da ƙaramin jirgi ba ya iya haye su, faɗinsu kuma ya fi ƙarfin man da za a ƙona wajen zagaye su. A cikinsu akwai iska mai ɗaga jirgi ta maka shi ƙasa. Filayen jar ƙasa kuma sukan jiƙe, tayar jirgi ta nutse wajen sauka ya kife. Ko bayan yaƙi da shekaru goma sha ɗaya, da manyan jirage da ƙwararrun ma'aikata, irin wannan iska ta kayar da jirgin fasinja na kamfanin BOAC jim kaɗan bayan tashinsa daga Kano ranar 24 ga Yuni 1956, mutum 32 suka mutu cikin 45.

Sai kuma su mutanen. Da yawansu samari ne da ba su daɗe da fitowa daga makarantar tuƙi ba, daga Ingila da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Akwai kuma tawagar matuƙan ƙasar Folan da suka tsere bayan Jamus ta mamaye ƙasarsu, waɗanda suka daɗe suna aikin hanyar. Takoradi gidan sauro ce, zazzaɓi kuma ba ya jiran mutum ya sauka kafin ya kama shi. Wanda ya kai jirgi Masar sai a ɗauko shi a jirgin jigila a mai da shi Takoradi ya karɓi wani. Jiragen da kansu ba su fi 'yan kwanaki da fitowa daga akwati ba, an ɗaure su cikin zafi da gaggawa, an ɗan gwada su, an ce a tafi.

Abin da ya sami wani ayari na Runduna ta 73 ranar 1 ga Disamba 1940 ya nuna yadda ƙaramar matsala ke zama babba. Jirgin ruwan yaƙi mai suna Furious ne ya kawo jiragen rundunar gaɓar Takoradi, ana sauri a kai su Masar kafin farmakin da ake shirin kai wa Italiyawa. A yammacin Sudan rediyon Blenheim ɗin da ke jagora ya lalace, ma'aikatansa suka rasa inda suke, duhu ya fara shiga, jiragen bakwai duka suka sauka a daji. Hurricane biyu suka ragargaje, matuƙi ɗaya ya mutu, sauran huɗun suka yi mummunar lalacewa. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Wanda jirginsa ya mutu a saman kurmin kudu da wuya ya tsira, don itatuwan kan haɗiye jirgi a rasa ganinsa daga sama. A ƙasar Hausa da Barno ana iya shimfiɗa jirgi a kan cikinsa a gona ko a fako, daga nan rayuwar matuƙi ta koma hannun mutanen da suka fara isowa gare shi. A tsarin mulkin En'e labarin duk abin da ya auku a ƙauye yana bi ta mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa Di'o, kuma a inda babu waya, ƙafar ɗan aike ko dokinsa su ne saurin labarin. Inda babu mutane kuwa ƙishirwa ce ke yanke hukunci. A watan Mayu na 1942 jiragen Blenheim uku na sojojin saman Afirka ta Kudu suka tashi daga Kufra, a hamadar Libiya, don su san yankin kawai, suka ɓata, suka sauka lafiya a rairayi. Cikin mutum 12, ɗaya aka tarar da rai.

A ƙarshen 1941 Amurkawa suka shigo hanyar, da farko ta hannun wani reshe na kamfanin Pan American, sannan a ƙarshen 1942 sojojin samansu suka karɓi aikin gaba ɗaya. Suka faɗaɗa filaye, suka ƙara tashoshin rediyo da na duba yanayi, Kano ta zama babban zango ga jiragen da ke zuwa Masar da Indiya har Sin. Wani farmaki da ake yawan ambata shi ne na watan Janairu 1942, lokacin da jirgin Jamus guda ya ratsa hamada ya jefa bom a Fort Lamy ya ƙona ma'ajiyar mai. Ana ambatonsa ne don irinsa bai zama ruwan dare ba. Bayan sojojin Jamus da Italiya sun miƙa wuya a Tunisiya a watan Mayu na 1943, Bahar Rum ya buɗe, aikin Takoradi ya fara ja da baya.

Irin wannan mutuwa ba a Afirka ta tsaya ba, kuma yawanta ya wuce yadda akan zata. A cikin ƙasar Amurka kaɗai, inda babu fagen fama, ƙididdigar rundunar sojojin samanta ta nuna hatsarori 52,651 a shekarun yaƙin, da mutum 14,903 da suka mutu. Rundunar jiragen bom ta Ingila ta rasa mutum 55,573, fiye da 8,000 daga cikinsu a hatsarin horo ko wani hatsarin da ba na faɗa ba. Sojojin Nijeriya da suka je yaƙin Bama ma sun ga haka da idonsu: Manjo Janar Orde Wingate, wanda bataliyoyi uku na Nijeriya suka yi aiki a ƙarƙashinsa a 1944, ya mutu ranar 24 ga Maris na shekarar da jirgin Amurka da yake ciki ya daki tsauni a Manifur, arewa maso gabashin Indiya. Ba a iya rarrabe gawarwakin ba, shi ya sa a 1950 aka binne su tare a maƙabartar Arlington ta Amurka.

Labarin yaƙi ya fi son wanda ya mutu yana harbi. Wanda ya faɗi a hazo ba shi da ranar nasara da za a jingina sunansa gare ta, sau da yawa kuma rahoton bincike kan ɗora masa wani kaso na laifin. Adalci shi ne a ce jirgin da ya kai Masar ya yi faɗa, hannun irin wannan matuƙi ne ya kai shi. A nan ƙa'idar Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Renon Ingila, wadda Fabian Ware ya assasa aka ba ta izinin sarauta a 1917, ta yi abin da ya dace. A wurinta duk sojan da ya mutu yana cikin aiki tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947 mamacin yaƙi ne, ko harsashi ne ya kashe shi, ko zazzaɓi, ko hatsari. Ba a mai da gawa gida; ana binne mutum kusa da inda ya mutu. Babu bambanci tsakanin hafsa da kurtu wajen siffar alamar kabari, wadda ke ɗauke da tambarin runduna da lamba da muƙami da suna da ranar mutuwa, da 'yan kalmomin da iyali suka zaɓa idan sun so, ba tare da an rubuta yadda mutum ya mutu ba.

Saboda wannan ƙa'ida zangunan hanyar suka zama jerin maƙabartu. Akwai kaburburan yaƙin a Takoradi da Akara, da maƙabartar Yaba a Ikko, da Kaduna da Kano da Maiduguri, da Hartum. Waɗanda ba a ga gawarsu ba kuwa an rubuta sunayensu a nesa. A Floriana, bakin ƙofar birnin Baleta na tsibirin Malta, akwai dogon ginshiƙin marmara da mikiya a kansa, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a 1954; yana ɗauke da sunayen sojojin sama kusan 2,300 da ba a san kabarinsu ba, har da waɗanda suka tashi daga sansanonin Afirka ta Yamma. Na ɓangaren Sudan da Masar suna jikin bangon tunawa na Alamain. Amurkawa tasu al'adar daban ce: bayan yaƙi suka tono matattunsu, suka mai da waɗanda iyalai suka nema gida, sauran na wannan nahiya aka tara su a Kartaj ta Tunisiya, inda ke da kaburbura 2,841 da sunayen mutum 3,724 da suka ɓace.

Akwai ɗan Nijeriya a cikin wannan sahu, sai dai kabarinsa yana can ɗaya ɓangaren. Emanuel Peter Thomas, haifaffen Ikko a 1914, ya bar aikin gwamnati ya shiga sojojin saman Ingila, a 1942 ya zama baƙar fatar Afirka ta Yamma na farko da ya sami muƙamin hafsa a matsayin matuƙi. A watan Janairu na 1945 jirginsa ya faɗi a tsaunukan Wales cikin mummunan yanayi, ya rasu, aka binne shi a birnin Bath.

Daidaiton da hukumar ke alfahari da shi bai kai ga kowa ba, kuma wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Filayen Kano da Maiduguri leburorin ƙasar ne suka share su suka daɓe su. Man jiragen a jirgin ƙasa yake zuwa Arewa, sannan a loda shi a motoci zuwa Barno, tunda dogo bai isa Maiduguri ba sai 1964, kuma direbobi da 'yan dako da masu gadi ne suka yi wannan aiki. Su ba sojoji ba ne, saboda haka wanda ya mutu a cikinsu ba ya cikin lissafin. Ko sojojin ma ba a yi musu daidai ba tun asali: a watan Afrilu na 2021 wani kwamitin bincike na hukumar ya gano cewa aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, galibinsu 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ministan tsaron Birtaniya Ben Wallace kuma ya nemi gafara a gaban majalisa. A Nijeriya, sojojin yaƙe-yaƙen duniya biyu da ba a iya kula da kaburburansu ba, ko ba a san inda suke ba, an tara sunayen da aka samu a wani ginin tunawa da ke Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa a Abuja.

Rundunar Sojojin Saman Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, ta gaji filayen wancan zamani, ta kuma gaji yanayinsu. A Kano take da ɗaya daga cikin makarantunta na horar da matuƙa. Ita ma mafi munin asararta ta rana ɗaya ba a fagen fama ta auku ba. Ranar 26 ga Satumba 1992 jirginta ƙirar C-130 ya tashi daga Legas zai tafi Kaduna, injinansa suka mutu, ya faɗi a fadamar Ejigbo bayan 'yan mintoci, mutum fiye da 150 suka rasu, akasarinsu hafsoshin da ke kwas a kwalejin Jaji. A 2021, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram da 'yan bindiga, aka yi biyu a jere. Ranar 21 ga Fabrairu wani King Air da ya nufi Minna, cikin aikin neman ɗaliban Kagara da aka sace, ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja da sojojin sama bakwai. Ranar 21 ga Mayu wani irinsa ya faɗi daf da filin jirgin Kaduna cikin mummunan yanayi, ya kashe mutum 11, ciki har da Babban Hafsan Sojojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, wanda ke kan hanyar zuwa bikin yaye kurata a Zariya. Sunansa ne ya cika kafafen labarai, amma huɗu daga cikin mamatan ma'aikatan jirgin ne, biyu daga cikinsu matuƙa. Washegari aka binne su duka a maƙabartar sojoji ta Abuja.

A zamanin Turawa, da shekarun farko na mulkin kai, ranar 11 ga Nuwamba ake tunawa da matattun sojoji, kamar sauran ƙasashe renon Ingila. Daga baya Nijeriya ta mai da ita ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Bikin ya haɗa waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, da yaƙin basasa, da ayyukan kiyaye zaman lafiya a ƙasashen waje, da faɗace-faɗacen cikin gida. Ana ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi, har da Dutse da Kano, ana kuma yin addu'o'i a masallatan Juma'a da coci-coci a makon da ya gabace ta.